Wutar Gidan Darakta

Ranar Laraba ce. Tun safe hadari ya haɗu ya tsaya cak, ya ƙi zuba ya ƙi wucewa, gari ya yi zafi kamar an kife shi da tukunya. Mai walda yana durƙushe a ƙofar shagonsa yana yankan ƙarfe, sai ga babur ɗin malamin gona ya tsaya a gidan maƙwabcinsa, dattijon da duk layin ke kira Darakta.

Ba daraktan komai ba ne. Shanu biyar gare shi da 'yar gona a bayan gari. Bara ne gwamnati ta fito da wani babban shiri na ƙasa, wai na rage iskar da ke ɗumama duniya, aka ce kashin shanu yana cikin masu laifi. Masu shirin suka zaɓi gidansa ya zama abin misali. Suka haƙa rami mai zurfi a gefen garke, suka shafe shi da siminti, suka yi masa murfi, suka ja bututu har madafa. A zuba kashin shanu da ruwa ya ruɓe, iskar ta bi bututu ta zama wutar girki. Suka kafa allo a ƙofar gida, suka ba shi koriyar hula, suka kama gabansu.

Tun daga ranar hular ba ta sauka daga kansa ba. Ka gaishe shi a hanya, sai ya tsayar da kai ya yi maka bayanin sararin samaniya.

Wata biyu wutar ta yi tana ci, ta mutu murus. Masu gyara ba su sake leƙowa ba. Matarsa ta koma itacenta, amma a bayan ɗaki take hurawa, domin Darakta ya hana hayaƙi fita ta gaban allo.

Katanga ɗaya ce tsakani, saboda haka mai walda ya kashe injinsa ya baza kunne.

"Baba, Alhamis ta sama manyan baƙi za su zo daga babban birni," in ji malamin gona. "Wuta suke so su gani."

"Ai na yi ta aika maka ta mutu."

"Na sani. Abin mai sauƙi ne. A kawo tukunyar gas ta kasuwa, a ɓoye bayan katanga, ɗan waldan nan ya jona mana. Wa zai leƙa?"

"A gidana? In ari wuta in ce tawa ce?"

"To in ba ta kama ba, za a cire allon nan a kai wani gida. Ni ma daga sama aka matsa min."

"Ɓawon busasshen kashi ne ya toshe ta daga cikin ramin. Zan buɗe in fasa shi."

"Yi yadda ka ga dama, Baba. Mu dai wuta."

Babur ya tashi. Ba a jima ba sai ga Darakta a ƙofar shago, ya naɗe ƙafar wando, ga cebur a kafaɗa.

"Ɗan nan, ara min tsaninka na ƙarfe."

"Ranka ya daɗe Darakta! Yau kuma ofis a cikin rami yake?"

"Ku dai ku yi ta dariya. Zafin nan da kake ji, ka san daga ina yake?"

"Daga bayan jar saniyarka mana. Ai kai ka faɗa mana. Masu jiragen sama da masana'antu duk ba ruwansu, sai ita."

Masu zaman banza a bencin shago suka kwashe da dariya. Mai walda ya miƙa masa tsanin yana cewa a wanke kafin a dawo da shi. Dattijon ya gyara hularsa, ya ja tsanin yana ƙara a ƙasa.

Rana ta ɗan karkata sa'ad da muryar matar ta keto katanga.

"Jama'a ku zo! Malam ya yi shiru! Ina ta kira ya yi shiru!"

Mai walda ya haura katangar bai ma san ya haura ba. Murfin ramin yana gefe. Wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ya doke shi. Can ƙasa ya hango bayan rigar Darakta, ya kife a jikin tsani, ruwan kashi ya kai masa ƙugu.

"Baba! Baba!"

Ya sa ƙafa ya fara sauka. Bai yi nisa ba ya ji warin ya ɗauke gaba ɗaya, kansa ya yi sakayau, hannuwansa suka fara saki. Mahaucin layin ne ya cafko wuyan rigarsa ya wurgo shi waje. Ya kwanta a kan harawa yana amai, yana ganin mutane bibbiyu. Da igiya da ƙugiyar rataye nama aka fito da dattijon. A asibiti likita ya ce iskar ramin ce ta kashe shi, numfashi kaɗan ya ishe ta.

"Wa ya gaya muku ana shiga?" in ji likitan.

Babu wanda ya gaya musu ana shiga. Babu kuma wanda ya gaya musu ba a shiga. Da suka dawo daga maƙabarta, mahauci ya mayar da murfin ya liƙe shi da laka saboda yara.

Mai walda ya ɗauka baƙin za su fasa. Ina! Ranar Alhamis ɗin da aka sa, da hantsi, har yanzu ana zaune a kan tabarmi ana karɓar gaisuwa, sai ga manyan motoci sun cika layi. Mutanen suka fito, direbobi suka bar injina a kunne don kada sanyin ciki ya gudu. Hayaƙin yana bugun masu zaman makoki a fuska. Mai walda ya kalli allon, ya kalli salansar motar da ke ƙarƙashinsa, ya tofar da yawu.

Malamin gona ya ja shi gefe. Ga tukunyar gas a cikin buhu, ɗaure a bayan babur.

"Taimaka ka jona, don Allah. Don darajar marigayi."

"Darajarsa? Shi da ya ce bai yarda ba?"

"To ya za mu yi? Sun riga sun zo."

"Jona da haƙoranka."

Babban baƙon, wani mai sanƙo da turare, ya riga ya shige cikin gida, mai kyamara na biye da shi. Ya durƙusa nesa da matar yadda wandonsa ba zai taɓa ƙasa ba.

"Mama, mijinki gwarzo ne. Ƙasa ba za ta manta da shi ba." Ya juya ga malamin gona a hankali. "Me sunansa ma?"

Daga nan ya nemi a nuna masa murhun. Malamin gona ya jiƙe da gumi, ya fara kame-kame. Baƙon bai saurare shi ba, ya murɗa makunni da kansa, wani ya ƙyasta ashana.

Wuta ta kama. Shuɗiya, tsaf, ba ko ɗigon hayaƙi, tana huci a hankali. Ashe kafin Darakta ya faɗi ya fasa ɓawon.

Baƙi suka tafa. A gidan mutuwa suka tafa, mai kyamara yana cewa a ƙara matsowa. Mai walda yana bakin madafa yana kallo. Wutar mutumin ce, tasa ta kansa, ba ta aro ba, kuma a duk taron nan shi kaɗai ne ba ya nan.

Matar ta tashi daga tabarma, ta ratsa su ba ta kalli kowa ba. Ta tsaya a kan murhun ta dube shi jim kaɗan, ta sa hannu ta kashe.

"Mama, ɗan bari mu ƙara ɗauka ɗaya," in ji mai kyamara.

"Kun gani ai," ta ce. "Ku ba ni hanya."

Ba a yi wata ba 'ya'yan marigayin suka zo suka sayar da shanun, suka tafi da uwarsu. Malamin gona ya ce an yaba da aikin ƙwarai. Mai walda bai musa ba, tunda yanzu babu sauran saniyar da ke ɗumama duniya a layin.

Abin da aka rasa ba shi da wuyar ƙirgawa: mutum ɗaya, shanu biyar, gida ɗaya da aka rufe da kwaɗo. Idan mai walda ya leƙa ta kan katanga da yamma, turaku biyar yake gani a tsaye cikin garke, ciyawa ta fara fitowa a gindinsu.