Shirun Wayar Jidda

Idan mutum ya yi tambaya amsa ta makara, wa za a tuhuma, mai amsar ko hanyar da ta biyo? Har yau babu wanda ya raba wannan gardama a Tudun Wada. Malam Yusha'u dai ya ɗanɗana ɗacinta wata Laraba a shekarar 1999.

Manomi ne a 'Yandoto. 'Yarsa ta fari, Sa'adatu, tana Jidda da mijinta Anas, tela. Saƙon ƙarshe da wani alhaji ya kawo shi ne cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura. Daga nan ba a sake jin komai ba. Uwarta Adama ta daina cin abincin kirki. Shi ya sa ya hau mota a Tsafe ya zo Gusau, shagon Bala da ke unguwar Tudun Wada, inda aka ce ana kiran ƙasar waje da sauƙi.

Bala tsohon mai gyaran rediyo ne. Da ya kawo kwamfuta, dattawa sun ƙi rataya abin sauraro a kunne su yi ta magana da allo kamar masu taɓin hankali. Sai ya nemo wani ɗan akwati daga Kano, ya jona masa tsohuwar wayar tarho baƙa irin ta ofis, ya jona akwatin a bayan kwamfutar. Mutum ya ɗaga kan waya yadda ya saba, muryarsa ta shiga akwati, ta ratsa kwamfuta, ta bi intanet ta tafi.

Aka samu Anas a shagonsa, aka shiga gaisuwa. A wurin Bahaushe gaisuwa lugude ce, taɓarya na tashi wata na sauka. A nan kuwa Malam Yusha'u ya tambayi iyali, sai shiru, sannan can aka ce, “Lahiya lau, Baba.” Ya tambayi mutanen gida, aka sake yin shirun, aka sake cewa lafiya lau.

Malam Yusha'u ya san wannan shirun. Shi ake yi idan an aiki mutum da labarin rasuwa: ya haɗiye yawu, ya ce lafiya lau, daga baya ya ce jikin ya yi nauyi, a zo. Kafin ya san abin da zai ƙara, layin ya katse.

Ya juya ya dubi Bala, wanda tun ɗazu idonsa na kan allo, inda wasu layuka ke tashi suna sauka. Wani zargin ya ɗarsu masa. Maganar nan ta gaban mutumin nan take wucewa kafin ta iso kunnensa. Wa ya sani ko yana tankaɗe ta ne, ya riƙe tsakin ya miƙo garin?

Bala ya yi dariya, ya rantse ba ya jin komai. Ya ce kwamfuta yayyanka murya take yi ƙanana, gutsattsarin su yi tafiya, a harhaɗa su a can. Jinkirin na hanya ne.

“To in an yar da wani gutsure a hanya,” in ji Malam Yusha'u, “wa za shi sani?”

Bala ya sosa ƙeya. Sai ya ce ai abin da sauƙi, a sake kira, Malam Yusha'u ya ce a ba shi ita Sa'adatun.

Malam Yusha'u ya ɓata rai. 'Yar fari ce. Tun ranar suna bai taɓa furta sunanta ba, “yarinyar nan” yake cewa, ko a gida saƙo ta bakin uwarta yake bi. Yanzu kuma ya buɗe baki ya ce wa suruki a kira masa ita, a kan maganar haihuwa? Ya ce ba za a ji wannan a bakinsa ba, ya fita.

Ya zauna a bencin ƙofar shagon yana juya abin. In Anas ƙarya yake yi, don girmamawa ya yi ta, kuma shi da kansa zai raina surukin da zai jefa masa mummunan labari ta waya. Ke nan yaron kirki da maƙaryaci amsa ɗaya za su ba shi. Ya tuna Adama na jiransa a zaure. Me zai kai mata, lafiya lau ɗin ko shirun?

Ya koma ciki, Bala ya sake haɗa layin. Malam Yusha'u ya juya masa baya, ya ce wa Anas a ba shi yarinyar nan. Aka daɗe, sannan wata siririyar murya ta yi sallama, tana amo kamar daga cikin gwangwani. Kowace mace za ta iya yin wannan muryar, har maƙwabciyar da aka roƙa ta taimaka.

Ya rufe ido. “Sa'adatu,” ya ce.

Shirun wannan karon ya zarce na hanya. Sai ga wata 'yar dariyar kunya, irin wadda take yi tun tana ƙarama idan ta ɓoye fuska a bayan uwarta.

“Baba, ni ka kira haka?”

Ya gyara riƙon wayar. “Ke na kira, Sa'adatu. Mi aka samu?”