Kore a Hannun Yaya

Shagon Auta ɗaki biyu ne a saman wani kantin tayoyi. Na gaba na gyaran gashi da farce ne. Na ciki ƙarami ne, ba taga, sai fanka mai zuƙe iska da wata rumfar leda baƙa da mutum yake shiga ya tsaya. A nan take aikin da aka fi saninta da shi, feshin ƙara wa fata duhu. Ruwa ne mai kalar baƙin shayi, a zuba a kofin wata 'yar na'ura mai kama da ta masu fentin mota, a fesa wa mutum, ya yi awa takwas bai taɓa ruwa ba, sannan ya yi wanka. Kalar takan yi mako guda ko fiye. Yawancin masu zuwa 'yan ɗaga ƙarfe ne masu shirin gasa, sai 'yan fim, sai farare masu son a ga kamar sun sha rana. Amma ba don su ta koyi aikin ba, don yayarta ta koya.

Yaya ce babba a gidansu, ita ta yi goyon Auta. Shekara goma sha ɗaya tana karanta labarai a talabijin, sai ciwon fata ya same ta, irin wanda kalar mutum ke zubewa wuri-wuri ta bar fari tas. Ya fara daga yatsu, ya hau bayan hannu, ya fito a wuya. Ba ya zafi, ba a ɗaukarsa, amma idon mutane ba ya ƙyale shi. Da kanta ta nemi a mayar da ita sashen rediyo. Bayan shekara uku aka kira ta, aka ce ana so ta jagoranci sabon shirin hira kai tsaye, za a fara ranar Juma'a da yamma.

"Na ce musu to," ta gaya wa Auta, "in dai ke za ki yi mini hannuna."

Ba yau Auta ta fara yi mata ba. Takan bi farin wurin kaɗai a hankali, har ya saje da sauran jikin. Sai dai tsohon galan ɗinta ya ƙare, ta yi odar sabo daga kamfanin da ta shekara biyu tana hulɗa da su. Ranar Litinin aka kawo, a rufe da hatiminsa.

Ranar Talata da safe, da ta buɗe, wani wari mai tsami-tsami ya ɗan bugi hancinta. Ta tsaya, ta juya galan ɗin ta duba takardar jikinsa. Saura shekara guda ya lalace. Ta ce a ranta ƙila sun canza turaren da suke sawa ne. Ta fesa wa Yaya hannu biyu da wuya, suna hira suna dariya.

Ƙarfe huɗu da rabi Yaya ta dawo. Ba ta gaida kowa ba, ita da ba ta wuce mutum ba gaisuwa. Hannuwanta na cikin mayafi. Ta wuce ɗakin ciki, Auta ta ajiye gashin da take kitsawa ta bi ta.

"Rufe ƙofa," in ji Yaya.

Sannan ta fito da hannuwan.

Auta ta matso ta duba. Duk inda yake fari da safe ya zama kore. Ba wai ɗan kore-kore ba, kore shar irin na gansakukar bakin rijiya, daga kan yatsu har wuyan hannu, ga shi ya zagaye wuya kamar an ɗaura mata ganye. Ta kunna babbar fitila don ta tabbata ba idonta ba ne. Ya ƙara fitowa.

"Innalillahi! Yaya, da me kika yi wanka?"

"Da ruwa, Auta. Da me ake wanka? Sau uku na cuɗa da sabulu." Muryarta ba ta tashi ba, hakan ya fi tayar wa Auta hankali. "Saura kwana uku."

Nan take Auta ta kira lambar kamfanin. Na'ura ce ta ɗauka, ta ce a danna ɗaya don sayen kaya, biyu don bin sawun kaya, uku don ƙorafi. Ta danna uku, aka sa mata kiɗa. Minti arba'in tana jin sarewa ɗaya tana maimaita kanta, kafin muryar wata budurwa ta shigo.

Auta ta zayyana mata komai, numfashi sama-sama.

"Mun yi baƙin cikin jin haka, Madam. Kin girgiza galan ɗin kafin ki yi amfani da shi?"

"Na girgiza."

"Kin wanke na'urarki?"

"'Yar'uwa, shekara huɗu nake wannan aikin. Ba kuɗina nake nema ba. Ki gaya mini abin da ke cikin ruwan nan, da abin da zai cire shi ba tare da ya ƙona mata fata ba."

Aka ji ƙarar madannan kwamfuta. "Wace kala ce ita kafin feshin?"

Auta ta cire wayar daga kunne ta kalle ta. "Me kika ce?"

"A cikin fom ɗin ne, Madam. Dole in cike. Kin tabbata babu koren tun farko?"

"Mutum ce fa! Yayata ce, ba ɗanyen mangwaro ba!"

"Na gane, Madam. Ki turo hoto, za a tuntuɓe ki cikin kwanakin aiki biyar zuwa bakwai."

"Juma'a za ta fita a talabijin. Ki haɗa ni da babbanki."

"Yana mitin."

Sai layin ya yanke. Ta sake kira, ta sake shan sarewa, wani saurayi ya ɗauka, ya ce ba ya ganin ƙorafinta a kwamfuta, ta faro daga farko. Ta faro. Ya tambaye ta ko ta girgiza galan ɗin.

Ta tura hotuna shida. Washegari da safe saƙo ya shigo wayarta: an duba ƙorafinta, an warware shi, an rufe, suna godiya da ta zaɓe su. Sau uku ta karanta tana tsaye a bakin ƙofar shago, makulli a hannu. Ba ta buɗe shagon ba. Ta sa galan ɗin a jaka, ta tari tasi, ta nuna wa direba adireshin da ke jikin takardar.

Wurin can bayan gari yake, cikin layin masana'antu. Tana shiga get ta ga abin da ya sa ƙafarta ta tsaya. Galan-galan irin nata, sun fi ɗari, an jibge su a tsakar fili kan katakai, ledar da aka rufa musu ta yage, rana na dukansu. A jikin kowanne an rubuta da manyan baƙaƙe cewa a ajiye a wuri mai sanyi. Ta ɗora hannu kan ɗaya, ta janye da sauri. Kamar butar shayi.

Ofishin manajan kuwa sanyi ƙalau, har sai da ta ji tsigar jikinta ta tashi. Mutum ne mai ƙiba, yana tsoma biskit a shayi. Bai ce ta zauna ba. Ya karɓi wayar, ya kalli hoton, ya ɗan yi dariya ta hanci.

"Wayoyin yanzu ai ba abin da ba sa yi wa hoto."

"Ranka ya daɗe, hannun yayata ne. In kana so in kawo ta ka gani."

Ya sake dubawa, ya taɓe baki. "To ai ga matsalar nan. Mai irin wannan fatar, wa ya ce a fesa mata? Ke ce ba ki san aikinki ba."

Auta ta zaro takardar tallansu da ke zuwa cikin kwali, ta shimfiɗa masa a tebur. Hoton hannu ne mai dabbare-dabbaren fari, kafin feshi da bayan feshi, da sunan kamfanin a sama. Ya ture ta gefe da bayan cokali.

"Talla daban, Madam."

Tana riƙe da galan ɗin a cinya, yatsanta na sosa gefen takardar jikinsa don takaici, sai ta ji gefen ya ɗago. Ta sa farce ta ja a hankali. Wata takardar ce a ƙasa, iri ɗaya sak, sai kwanan wata. Ruwan ya lalace tun wata goma sha huɗu da suka wuce.

Ta juya galan ɗin ya fuskance shi.

Ko gezau bai yi ba. Ya kurɓi shayinsa. "Kuskuren masu buga takarda ne. Bar shi nan mu bincika. Kuma tunda ke tamu ce, odar da za ki yi nan gaba za mu yi miki ragi."

"Odar da zan yi nan gaba?"

Ya miƙo hannu zai ɗauka, ta rungume galan ɗin kamar jariri. Nan take fara'arsa ta ɗauke. Ya danna ƙararrawa, ya ce wa mai gadi ya raka Madam, ta gama.

A bakin get wani dattijo mai rigar aiki, mai kula da sito, ya yi kamar yana gyara igiyar takalmi, ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"'Yata, zafi ne ya ɓata shi, shi ya sa yake komawa kore. A saman fata yake, zai fita da kansa. Ki shafa mai, ki bi da ruwan ɗumi, kada ki sa abin bilicin. Ke ce ta huɗu a watan nan."

"Ta huɗu, Baba? Kuma ana ta sayarwa?"

"Jiya ma mota biyu ta fita." Ya miƙe ya koma ciki.

Daga can ta ɗauki Yaya suka je wurin likitan fatarta. Likita ta daɗe tana kallon hannun ta saman gilashi. Ta yarda da maganar dattijon, ta ƙara da gargaɗi: kada a kuskura a goge da ƙarfi, domin duk inda fatar ta ji rauni, farin yana iya yaɗuwa zuwa wurin.

Haka suka wuni ranar Alhamis a ɗakin ciki, shago a rufe. A shafa mai, a naɗe da tawul mai ɗumi, a jira, a share da auduga. Audugar tana fitowa da ɗan kore kaɗan, kamar ana roƙonsa. Wajen la'asar Auta ta kasa riƙe abin da ke cinta.

"Yaya, na ji warinsa ya canza kafin in fesa miki. Na ji, kuma na fesa."

Yaya ta ɗago ta kalle ta. "Kin ji?"

"Na ji. Na duba takarda, na yarda da takarda."

"Da kin gwada a hannunki."

"Da na gwada."

Auta ta fara hawaye, tana sharewa da kafaɗa don hannunta duk mai ne.

"To kukan na mene ne?" in ji Yaya. "Ni da na zama kada ban yi kuka ba. Ɗumamo tawul ɗin, ya huce."

Zuwa Juma'a koren ya ragu, ya koma kamar tabon tsohon bugu. Wuyan an rufe shi da riga mai dogon wuya. Hannun ne ba dabara, don mai kwalliyar gidan talabijin ta gwada hoda, ta ƙara muni, ta goge.

Ƙarfe biyar Auta ta kunna talabijin ɗin shago, matan da ke ciki suka juyo da kujeru. Yaya ta fito, murya tangaran kamar ba ta taɓa barin wurin ba, hannuwanta a ƙarƙashin tebur. Minti goma suna can. Sai baƙon nata, wani jami'in hukumar ruwa, ya fara kewaye-kewaye kan tambayar da ta yi masa sau biyu. Yaya ta manta. Ta fito da hannu ta nuna shi da yatsa, ta ce, "Yallaɓai, ba ka amsa mini ba." Kyamara ta matso. Ga fari, ga sauran kore, duk a fili.

Auta ta dafe kujera.

"Kai, fitilar wurin nan ba ta da kyau," in ji wata da ake wa kitso. "Amma ta kama shi fa. Dubi yadda yake zufa."

Ranar Litinin Auta ta kira kamfanin don ta sanar da su za ta kai ƙara. Kiran bai ko shiga ba, ta gwada sau biyar kafin ta gane sun toshe lambarta. Ta ɗauki galan ɗin, da hotuna, da takardar likita, ta kai ofishin kare haƙƙin masu sayen kaya. Ta yi cigiya cikin masu sana'arta har ta samo biyu daga cikin ukun da dattijon ya faɗa. Ɗaya ta ce amarya ta fesa wa, tun ranar ba ta ƙara buɗe shago ba. Su uku suka sa hannu. An karɓi galan ɗin, an ba su lamba, an ce za a aika masu dubawa. Har yanzu su Auta suna zuwa ofishin suna tambaya.

A rana ta tara koren ya fita gaba ɗaya. Auta ta samu wani kamfanin, kuma duk galan ɗin da ya zo sai ta gwada a cikin hannunta ta kwana da shi. Yaya tana ci gaba da shirinta duk Juma'a. Ba ta sake cewa a fesa mata ba, ba ta kuma ce ta daina ba, ita ma Auta ba ta tambaye ta ba.