Ƙwayar da Salamatu Ta Daina Sha

Salamatu mai bandar kifi ce a Argungu. Mijinta Dankure ya kamo a gulbi, ita ta fasa ta wanke, ta jera bisa waya ta hura wuta. Duk unguwar an san tarwaɗarta ba ta ƙauri. Damina biyu da suka wuce aka cire mata nonon hagu a asibiti a Birnin Kebbi, saboda ciwon daji. Ta sha wahalar ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, Allah ya tashe ta. Da za a sallame ta, likita ya ba ta wata 'yar farar ƙwaya, ya ce ɗaya kullum har shekaru, ita za ta tsare ciwon kada ya dawo.

Ta riƙe ƙwayar nan da gaskiya. Sai dai bayan 'yan watanni jikinta ya sauya. Fitsari ya riƙa matsa mata ba shiri, in ta tsuguna kuma sai ƙuna kamar an zuba barkono. Tari kaɗan, ko ta sunkuya ɗaukar itace, sai ta ji ɗumi ya biyo cinyarta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne salla. Ta yi alwala, ta kabbarta, kafin ta kai ruku'u ta ji ɗigo, ta sallame ta koma bayi. Wata la'asar ɗin har rana ta yi ja tana kai da komo tsakanin buta da tabarma.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta yayyaga tsohon zane ta yi ƙunzugu, tana wankewa tana shanyawa bayan ɗaki. Ta daina zuwa biki da suna. Ta daina kwana ɗakin Dankure, ta ce zafi ke damunta. Shi kuwa ya ɗauka kunyar tabon ƙirjinta take ji, sai ya ƙyale ta don kada ya ƙara mata ciwo. Likitan da ke duba ta kuma saurayi ne, sa'an ɗanta. Duk zuwa ya ce, "Mama, akwai wata damuwa?" ta ce, "Lafiya lau, likita."

Ranar da abin ya kai maƙura, tana cikin motar haya ne za ta Birnin Kebbi karɓar magani. Tun safe ta ƙi shan ko kunu. Duk da haka ba su yi nisa ba ta roƙi direba ya tsaya, ya tsaya ta shiga bayan wata gonar gero. Da ta sake roƙonsa sai ya ce, "Haba Inna, kowa sauri shikai. Ki daure, mun kusa." Ta daure. Motar ta faɗa wani rami, daurewar ta ƙare. Matar da ke kusa da ita ta janye mayafinta, ta matsa jikin ƙofa. Wani daga baya ya ce, "Wagga mata ai yoyon fitsari gare ta." A haka suka isa tasha.

Ba ta nufi asibiti ba. Ta ja mayafi ta rufe bayanta, ta taka har shagon Judith. Judith tela ce, Kirista, 'yar Filato, ta daɗe a Birnin Kebbi da iyalinta, ana kiranta Maman Hope. A bencin asibiti suka saba, don ita ma an cire mata nono, ƙwaya iri ɗaya suke sha. Tana ganin fuskar Salamatu ta ture keken ɗinki, ta ja ta zuwa ɗakin baya, ta kawo ruwa da sabulu da sabon zane.

Sai da Salamatu ta fito ta zauna sannan kuka ya zo mata.

"Yaya Salamatu, ni ma haka ya yi mini," in ji Judith. "A coci ma ya taɓa kama ni, ana tsakiyar waƙa. Maganin ne ke busar da jikin mace. Na gaya wa nas, aka auna fitsarina, aka ba ni magani. Bai tafi duka ba, amma na samu sauƙi. Tashi mu je tare, ni zan yi maganar."

"Maman Hope, in tsaya gaban yaron likitan ga a hwaɗi mishi wanga abu? Gobe dai. Yau ba ni iyawa."

Da yamma ta koma Argungu, ta zauna kujerar ƙarshe ta takure. Washegari ta ɗauki ƙwayar ta juya ta a tafin hannu, ta mayar. Daga nan ba ta ƙara sha ba.

Sannu a hankali ƙunar ta lafa, ɗigon ya ragu. Salamatu ta yi shekarar da ba ta yi irinta ba tun kafin ciwo. Ta je Idi ta zauna cikin mata har aka ƙare huɗuba. Da autarta Ummu Hani ta haihu a Gulma, ita ta yi mata wankan jego, ita ta tuƙa tuwon suna. Ta koma ɗakin mijinta. Judith ta yi ta kira a waya, ita kuwa sai ta ce tana bakin wuta, za ta kira. Dankure ya taɓa tambayarta ko ba ta zuwa asibiti yanzu, ta ce an sallame ta.

Lokacin cirar albasa bayanta ya fara ciwo. Ta ce sunkuyo ne. Aka yi gashi, aka shafa man zafi, har ta kai ba ta iya ɗaga kwandon kifi. Dankure ya ɗauki shatar mota ya kai ta.

Aka ɗauki hoto, likitan nan dai ya zaunar da su. Ya ce ciwon ya dawo, ya shiga ƙashin baya. Ya tambaye ta ko tana shan ƙwayarta. Salamatu ta dubi ƙasa. A gaban mijinta da yaron da take jin nauyi ta faɗi komai, har da zancen mota.

Likitan ya ce, "Mama, laifina ne da ban tambaye ki kai tsaye ba. Mata da yawa na fama da wannan. Da mun yi maganinsa, ko mu canja miki ƙwayar. Amma ba zan ce miki don kin daina sha ne ya dawo ba. Wani lokaci ana sha ma yana dawowa."

Ta ji maganar, amma ba ta shige ta ba.

A hanyar komawa, da suka hango fadama, Dankure ya ce, "Salamatu, shekara nawa muna tare? Ni da nike wuni cikin ruwa da ƙarnin kifi, fitsarinki za ni ƙyama? Kuma mai lalura irin taki ai an yi mata sauƙi a salla. Da kin hwaɗi, da na tambayo miki malamai."

"Ban iya ba, Malam," ta ce. "Bakina ya ƙi."

An gwada wani magani, ya rage mata zafi, bai tsayar da ciwon ba. Ummu Hani ta dawo gida da jaririnta tana jinya. Dankure ya bar shiga gulbi, shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, ya hana kowa wanke shimfiɗarta sai shi. Da farko tana rufe fuska in ya zo ɗauka, daga baya ƙarfin yin hakan ma ya ƙare.

Ita da kanta ta sa a kira Judith. Ta zo wata Asabar da lemo a leda, ta zauna bakin katifa. Salamatu ta ce, "Na ɓoye miki, Maman Hope. Ki yahe mini." Judith ta riƙe hannunta. Suka zauna haka har aka kira azahar, jaririn na ta wasa da yatsun ƙafarsa a tsakaninsu.

Ruwan farko bai sauka ba Salamatu ta rasu, da hantsi, Dankure na ba ta ruwa da cokali.