Ranar da Aka Fita da Gawar Kafinta

"Ku karɓe gudumar nan a hannunsa!" in ji mai aski. "Ko sai an yi gawa biyu?"

Tsohon malamin makaranta yana tsaye a bakin shagon maƙwabcinsa kafinta, wanda ya faɗi da safe, ya cika kafin a samo mota. Yaron da ake wa ihu shi ne Cizo. Uwarsa ta tafi, ubansa direba ne, kullum yana hanya. An kore shi daga makaranta da ya fasa kan wani da dutse. Unguwa ta dake shi, ta yi masa addu'a, ta sake dukansa. Kafinta kaɗai ya buɗe masa ƙofa. In yaron ya fara huci, sai ya zube masa lanƙwasassun ƙusoshi a kan katako, ya ba shi guduma, ya ce, "Miƙe min su."

Yau ma aikin da yake yi ke nan, ba wanda ya sa shi. Malam ya san haka. Yana da littattafai a kan irin waɗannan yara, har da ja musu layi.

Mai aski ya fizge gudumar, yaron ya kafa masa haƙora a hannu. Maza uku suka tura shi cikin shagon, suka danna kwaɗo.

"Malam, kai ne babba, riƙe makullin," in ji mai aski.

"A bar yaron ya ga kafinta mana," in ji Malam, a hankali.

"Ya gan shi ya yi me?" in ji ƙanwar mamacin. "Ya cije shi?"

Wani ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya mayar da ita tari. Malam ya sa makullin a aljihu.

Da aka fito da gawar, ƙofar shagon tana ta girgiza, Cizo yana kiran kafinta daga ciki.

"Baba! Baba, buɗe min!"

Aka wuce. Malam ma ya bi.

Bayan an dawo Malam ya buɗe shagon. Yaron yana zaune ƙarƙashin teburin aiki, garin katako ya manne a jinin yatsunsa.

"Sun tafi da shi?"

"Sun tafi."

Ya fito, ya tsaya a tsakiyar titi, ya dubi dama, ya dubi hagu. Wata mata ta kira 'ya'yanta ciki, ta tura ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.