Wuyan Rigar Petrona

"Petrona! Petrona tawa!"

Kafin Nan Candelaria (Nan, wato inna, haka ake kiran dattijuwa a garinsu) ta sami inda za ta ajiye kofin kunun masarar da ke hannunta, maƙwabciyarta Nan Remigia ta riga ta zabura daga kwance ta rungumo wuyan baƙuwar da ta durƙusa a bakin gadon. Matar da ta yi mako guda ba ta iya ɗaga cokali, sai ga ta ta ƙanƙame mutum kamar za ta ɓalla shi. Ɗaki ya kaure da kuka. A waje Anselmo, babban ɗan Remigia, ya cinna wa abin fashewar nan na biki wuta, karnukan unguwa suka haukace.

Candelaria kaɗai ce idonta a bushe, domin ita kaɗai ta ga ɓarnar da aka yi. Wadda aka rungume ba Petrona ba ce, 'yar Remigia da ta ɓace tun tana jaririya.

Baƙi biyu ne suka zo daga Beljiyam. Ta gaban, Irene, gajera ce mai dogon baƙin gashi, iyayenta 'yan Peru ne, Sifaniyanci a bakinta kamar ruwa. Rakiya kawai ta yo, ta yi wa ƙawarta tafinta. Ɗayar kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, doguwa, ta aske gashi kamar soja, ta rungume jakarta a ƙirji. Ita ce Petrona, Annelies ake ce mata a can. Candelaria ba ta buƙaci takardar gwajin jini ba. Kallo ɗaya ta yi wa kan nan ta gane, don duk zuriyar marigayi Cruz, mijin Remigia, Allah ya hore musu ƙaton kai. Shi kansa Cruz sai da aka riƙa saƙa masa malafa ta musamman a garin Totonicapán.

"Ba ni ba ce, mama," Irene take ta faɗi cikin kuka. "Ga ta can, ga ta can a ƙofa."

Ina! Yanar ido ta kama Remigia tun bara har ta rufe mata gani, kunne ya yi nauyi, Sifaniyancinta kuma na sayar da tumatir ne, bai wuce ƙirge da gaisuwa ba. Kalmar "mama" kaɗai ta tsinta, sai ta ƙara ƙanƙame yarinyar tana sumbatu da yarensu na K'iche'. Da Anselmo ya shigo ya ga abin da ake ciki, ya cire malafa ya tsaya yana murza ta. Annelies ta girgiza wa Irene kai, alamar ta ƙyale ta, sannan ta juya ta fita.

Sai da Remigia ta yi barci da la'asar Candelaria ta same su a bayan gida, wurin kwamin wanki. Annelies na zaune a kan bokitin da aka kife. Ta yi magana a hankali da yarensu na can, Irene ta juya maganar zuwa Sifaniyanci.

"Ta ce a bar ta haka, Nan. Wai tsohuwar ta yi murna, ta sami 'yar da ta iya kuka, ta iya magana. Ita ko kalma ɗaya ba za ta iya gaya mata ba. Wai idan aka faɗa mata gaskiya zuciyarta na iya tsayawa."

"Zuciyar wa? Remigia?" Candelaria ta riƙe ƙugu. "Ke 'yar nan, matar da ta binne miji da 'ya'ya biyu? Gaya mata, bango ɗaya ne tsakanina da uwarta. Shekara talatin da huɗu ina jin abin da ake yi a bayan bangon nan."

Ta ba su labarin a taƙaice, don ba ta son jan sa. Lokacin yaƙi ne, jaririya tana wata biyar, gudawa ta kama ta. Remigia ta goya ta zuwa birni. Wata mata mai takalmi mai tsini ta kawo takarda ta ce ta dangwala yatsa don a ba da magani. Ta dangwala, ashe takardar sallama 'yar ce. Bayan kwana tara ta dawo gida da zanin goyo a ninke a hammata.

"Sau ɗaya aka cuce ta da takarda," in ji Candelaria. "Ba zan tsaya ina kallo a sake cutar ta da tausayi ba. Likita ya ce kwanaki ne suka rage. So kuke ta tafi tana riƙe da 'yar wasu?"

Irene ta juya maganar. Annelies ta sa tafin hannu ta shafi ƙeyarta, daidai yadda Cruz yake yi idan masara ta ƙi. Abin ya soki Candelaria a rai, ta kau da kai ta shiga ɗauraye kwanon da yake a wanke.

Ta san ba za ta iya tsayawa a gaban jama'a ta ce wa ƙawarta ba ta gane 'yar cikinta ba. Kunyar kaɗai ta isa ta ƙarasa ta. Amma akwai rigar.

Tun ranar da wasiƙa ta zo cewa an gano yarinyar, Remigia ta ɗaura zaren saƙa a ginshiƙin baranda ta ɗaure ɗaya gefen a ƙugunta. Wata biyar tana saƙa, da ragowar idon da take da shi, daga baya da yatsu kaɗai. Rigar ta fito ja da shuɗi, da tsuntsaye a kafaɗa, wasu ma sun karkace saboda rashin gani. Sai dai babu wuya. A garinsu wuyan riga shi ne na ƙarshe, mai saƙar ce ke yanka shi bayan ta auna kan mai sawa, kuma ba a yanka wa mutum wuya a bayan idonsa. Aka ninke ta aka sa a akwati.

Da safe, bayan an gasa tortiya, wainar masararsu, Candelaria ta shigo da rigar da almakashi da guntun zare.

"Tashi, raguwa. Kin bar aiki a rabi kina ta barci."

"Ke kam ko a kabari sai kin biyo ni da surutu," in ji Remigia, tana murmushi da dasashi. "Ina 'yata? Zo in auna ki."

Irene ta dubi Candelaria a tsorace. Candelaria ta yi mata nuni da haɓa ta durƙusa. Remigia ta zagaya zaren a kan yarinyar, ta matse da farce, ta bi tsawonsa da yatsu. Ta sake zagayawa. Sai ta ɗago kai ta yi kira.

"Candelaria."

"Na'am."

"Ke kika riƙe kafaɗuna ranar haihuwar nan, ko ba ke ba?"

"Har yau da shaidar haƙorinki a hannuna."

"To wannan ɗan kan ne ya kusa kashe ni? Wannan ai ko atishawa na yi zai fito."

Wata daga cikin matan da ke ɗakin ta tuntsire da dariya, ta yi maza ta toshe baki. Candelaria ta je bakin ƙofa ta kamo hannun Annelies, ta ji shi sanyi ƙalau, ta jawo ta har gaban gadon ta danna kafaɗarta ƙasa.

"Gwada wannan."

Hannuwan Remigia suka sauka a kan askakken gashin. Ba ta nemi zare ba. Ta bi goshi, ta bi bayan kunnuwa, ta gangara ƙeya ta tsaya a can. Leɓɓanta suka fara motsi babu sauti. Can ta ce, kamar mai yi wa kanta magana, "Kan Cruz."

Ba ta yi ihu irin na jiya ba. Ta jawo kan ta ɗora a ƙirjinta, tana bubbuga bayan yarinyar a hankali kamar mai fitar wa jariri gyatsa. Annelies, wadda tun saukarta ba wanda ya ga hawayenta, ta yi wani irin kuka mai gurnani da ya sa Anselmo fita daga ɗakin.

"Wa ya aske ki?" Remigia ta tambaya bayan an lafa. "Ƙwarƙwata ce?"

Candelaria ta juya wa Irene, Irene ta juya wa Annelies, amsa ta biyo hanyar ta dawo: ita ce ta ga dama.

"Taurin kai ma na ubanki ne." Sai ta laluba da ɗaya hannun har ta kamo kitson Irene, wadda ke ƙoƙarin janyewa gefe. "Ke kuma ina za ki? Kin ɗauko min ita daga ƙarshen duniya, kin ara min wuyanki na yi kukan shekara talatin da huɗu. Zauna nan."

Almakashin ya fi ƙarfin yatsunta. Annelies ta ɗora hannunta a kan na uwarta, Candelaria ta ja ƙyallen ya miƙe, suka yanka tare, a karkace. Kan ya shige da ƙyar.

Kwana biyu suka samu. Annelies ta koyi kalma huɗu ta K'iche', Remigia kuwa ta ƙi koyon sunan Annelies, ta ce bakinta ya tsufa da wannan wahala. A rana ta uku, da hantsi, tana cikin shan kunu daga hannun 'yarta, ta kau da kai ta ce ya isa. Candelaria ce ta rufe mata ido. Da za a rufe akwatin gawa, ta ɗauko ɗan da'irar ƙyallen da aka yanke daga wuyan rigar ta sa a tafin ƙawarta, ta lanƙwashe yatsun a kai.

Da suka dawo daga maƙabarta ta hango Annelies tsaye a baranda, kusa da ginshiƙin da igiyar saƙa ta ci, wuyan rigar yana ta zubar da zare domin ba a samu an ɗinke bakinsa ba. Candelaria ta shiga gida ta ɗauko allura, ta jawo kujera 'yar tsugune ta hau. Duk da haka ba ta kai ba.

"Sunkuyo, Petrona," ta ce da K'iche'.

Irene ta buɗe baki za ta fassara, amma yarinyar ta riga ta sunkuyar da kai.