Ranar da Kwamfutocinmu Suka Huce

Kai ma ka gani, kada ka ce ba ka gani ba. Wata huɗu kana wucewa ta ɗakin babbar kwamfutar ofis, fankarta na kuka kamar injin niƙa, kana kau da kai.

Ni aka ɗauka in kula da na'urori a wannan kamfani namu na jigilar kaya. Ranar da na fara aiki na tarar da kwanon abincin Sakatariya a kan babbar kwamfutar.

"'Yata, kar ki taɓa," in ji ta. "Nan yake zama da zafinsa har ƙarfe biyu."

Na bincika. Ashe wani ɓarawo, ko ƙasarsu ba mu sani ba, ya cusa mana manhaja a ɓoye. Kwamfutocinmu goma sha biyu suna haƙa masa kuɗin intanet na kirifto da wutar lantarkinmu, shi ya sa suke zafi suna jan ƙafa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ƙofar da ya bi kuwa, wata manhajar kallon ƙwallo ce ta kyauta da Manaja ya sauke.

Ranar Talata na share manhajar ɓarawon. Takardar da ke cin rabin awa kafin ta buɗe ta koma buɗewa kafin ƙiftawar ido.

Laraba ba wanda ya amsa gaisuwata.

"Ke 'yar boko, kin kashe mu," in ji Dogo mai karɓar oda. "Da in direba ya matsa min, sai in juya masa allo in ce ga kwamfuta nan ba ta gama buɗewa ba. Yanzu me zan ce masa?"

"Abincina kamar hancin kare," in ji Sakatariya.

Manaja ya kira ni ofishinsa.

"Ƙanwata, ba a ce ba ki iya aiki ba. Amma mun saba da abinmu. Ba ya cizo."

"Ranka ya daɗe, wanda ya shigo ɗaki ya hura wuta, gobe akwati zai buɗe. Adireshin masu hulɗa da mu duk yana ciki."

Ya sosa ƙeya.

"To, mayar mana da rabinsa. Ta ɗan riƙa ɗumi dai."

Na ce ko ƙwaya. Shi ne ya sa taro gobe ƙarfe goma, ma'aikata su zaɓi wanda zai zauna, ni ko ɓarawon.

Kai na teburin bakin taga, kai da ka tare ni a matattakala ka raɗa min "kin yi daidai" kana waige-waige: raɗa ba ta ƙirguwa. Gobe ka zauna a gaba, in an zo kaina ka ɗaga hannunka sama inda Manaja zai gani.