Kwalta a Cikin Ƙofa

Shekara ashirin da uku Kunne ya yi yana sa wa motoci rediyo da lasifika a wata rumfar kwano da ke bayan layin masu kayan gyara. Abokan sana'a ne suka laƙaba masa sunan, domin a da, in mota ta shigo da wata ƙara da aka rasa inda take fitowa, sai ya zauna a kujerar baya, a zaga da shi sau ɗaya, ya sauko ya nuna notin da ya kwance. Amma tun bara wani zuuu ya tare masa a kunnen hagu, na dama kuma ya fara bin sahu. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi kallon bakin mai magana, ya koyi cewa "to, to" har ya gane inda zance ya dosa.

Wata safiya ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Dogo, ya shigo da tsohuwar motarsa. Haya yake yi da ita, irin wadda fasinja ke kira ta waya, in ya sauka kuma ya rubuta yadda ya ji tafiyar. Dogo ya miƙa masa wayar.

"Yaya, karanta ka gani. Wannan ya ce motata gwangwani ce mai taya. Wannan ta ce ta kasa amsa waya saboda ƙarar titi. In na kunna rediyo don ya rufe ƙarar, sai ƙofofin su kama rawa. Kamfani ya ce in ƙorafi ya ƙaru za su cire ni."

Kunne ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba da bayan yatsa, ya bar tafin hannunsa a jikin ƙarfen yana jin yadda yake kaɗawa.

"Ƙarfen ba shi da kauri. Akwai tabarmar da ake yi don wannan, baƙar roba ce mai bayan azurfa, a liƙa ta a cikin ƙofa, ƙarfe ya daina rawa."

Da ya faɗi kuɗin ta ƙofa huɗu da but ɗin baya, Dogo ya yi dariya har da dafa mota.

"Yaya, ai sai in sayar da motar in sayi tabarmar, in shimfiɗa in kwanta a kai. Ba ta talakawa?"

Akwai, Kunne ya ce, amma kowacce da lalurarta. Soson da ake sa wa a ƙarƙashin kafet yana rage ƙara, sai dai yana shan ruwan da ke gangarowa ta gilas, ƙofa ta yi tsatsa. Robar tsohon tiyub da gam tana yi na ɗan lokaci, sannan ta ɓanɓare ta faɗa ƙasan ƙofa. Sai kuma salatif ɗin kwalta mai faɗi da masu rufin kwano ke toshe yoyo da shi. Shi ma bayansa azurfa ne, a ido ba ka bambanta shi da tabarmar gaske, kuma yana kashe ƙara sosai.

"To me muke jira?"

"Kwalta ce, Dogo. Ba ta shiri da zafi. Sai ka riƙa ajiye motar a inuwa."

"Direban haya da inuwa? Yaya, sa kawai. Da babu gara ba daɗi."

Kwana biyu Kunne ya yi a kan aikin. Ya cire murfin ƙofofin a hankali don kada 'yan maƙalan roba su karye, ya goge ƙarfen da tsumma da fetur har ya daina maiƙo. Ya yanka salatif ɗin gunduwa-gunduwa, ya zura hannu ta ramukan ƙofa yana liƙawa, yana murzawa da ƙotar sukudireba don kada iska ta saura a ƙasa. Gefen azurfar ya yayyanka masa yatsu. Ya zagaye kowace lasifika da siririn soso, ya naɗe wayoyin da ke lilo da tsumma. Da ya rufe ƙofar direba, sai ta yi dum kamar ta sabuwar mota. Wannan kam ya ji ta, domin har a ƙirjinsa ta sauka.

Suka fita gwaji. Dogo yana ta murmushi, can sai ya rage rediyo.

"Ka ji? Akwai saura a baya. Tsit-tsit-tsit."

Kunne bai ji komai ba sai zuuu ɗinsa. Ya ce wataƙila safayar taya ce. Suka ɗaure ta, Dogo ya ce tana nan. Ya ce to jak ne. Suka cire jak, tana nan.

Ana cikin haka matar Kunne ta iso rumfar da abincin rana, kamar yadda takan yi in ta taso daga shagon ɗinkinta. Ta tsaya tana kallon mijinta ya kara kunne a jikin but yana zare ido. Ta ce a zaga da ita ita ma. Ba su yi nisa ba ta ce, "Lambar mota ce ke bugun ƙarfe." Aka sa ɗan soso a bayan lambar, ƙara ta mutu.

Bayan Dogo ya tafi, ta zauna a benci ta gefen damarsa.

"Baban yara, sai yaushe za ka faɗa?"

"In faɗi me?"

"Wata nawa ina tambayarka abu kana ba ni amsar wani. Mu je asibiti."

"In layin nan ya ji, wa zai ƙara kawo mini mota? Bari a ɗan ga yadda za ta yi."

Mako biyu abin ya yi kyau. Dogo yana turo masa abin da fasinjoji ke rubutawa, har wani ya yabi sautin rediyon. Sai zafi ya tsananta. Dogo ya biyo ta rumfar da rana tsaka, ya ce motar na ɗan warin sabon titi, kuma gilas ɗin baya na dama yana gurnani in za a ɗaga shi.

"Saurara, Yaya."

Ya danna maɓalli. Kunne ya ga gilas ya hau, ya ga ya sauka. Akwai mota biyu da ke jiransa, ga maƙwabcinsa mai gyaran wayar mota yana tsaye yana kallo. Da zai buɗe ƙofar ya duba, aikin rabin awa ne. Amma bai ji gurnanin ba, kuma bai so ya tambayi yadda yake.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ƙura ce. Warin ma zai tafi."

Kwana huɗu bayan nan kwaltar ta narke ta zubo kan hanyar gilas. Wata mata da za ta gwajin neman aiki ta sauke gilas don warin ya dame ta, ta ɗora hannu a bakin taga, hannun farar rigarta ya kwashi baƙi. Da Dogo ya yi ƙoƙarin ɗaga gilas ɗin, ɗan injin da ke jan sa ya ƙone, hayaƙi ya fito ta jikin ƙofa. Matar ta sauka a tsakiyar titi tana kuka, ta ɗauki hoto. Kafin yamma kamfani ya rufe wa Dogo aiki.

Dogo ya kawo motar rumfa, bai ko yi sallama ba. Da suka cire murfin ƙofar, kwalta ta yi dumu-dumu da komai, har cikin lasifikar.

"Na zo na ce maka gilas ɗin yana gurnani," in ji Dogo. "Kai da kake jin noti daga kujerar baya."

Kunne ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

"Ban ji ba, Dogo. Shekara guda ke nan ba na ji sosai."

Dogo ya dube shi. Bai yi faɗa ba. Ya matso kusa, ya ɗaga murya yana rarraba kalmomi kamar mai magana da tsoho tukuf.

"Da ka faɗa, Yaya. Da ka faɗa mini kawai."

Duk layin suka ji.

Kwana uku suka yi suna kankare kwalta da kananzir, su biyu. Warin bai bar kujerun ba. Dogo ya je ofishin kamfanin sau biyu, aka ce masa hukuncin ba daga nan yake fitowa ba. Daga baya ya sayar da motar ga wani mai ɗaukar buhunan gawayi, wanda ya ce shi wari ba ya damunsa, shi kuma Dogo ya koma tuƙa wa wani tifar yashi. Yana zuwa gaishe da yayarsa, amma yakan zaɓi lokacin da ya san mijinta yana rumfa.

Kunne ya bi matarsa asibiti. Aka sa masa abin ji a kai, aka ce ya ɗaga hannu duk sanda ya ji ƙara. Ya zauna yana jira, likita na kallonsa ta gilas, hannunsa na kan cinya. Likitan ya ce shekarun da ya yi da kai a cikin but ana gwada manyan lasifiku ne suka cinye jijiyar, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya rubuta masa sunan wata na'urar sa wa a kunne. Matar ta tambayi kuɗinta, ta ninke takardar ta sa a jaka.

Har yanzu Kunne yana buɗe rumfar kowace safiya. Masu son sauti sun koma wajen wani a ƙarshen layi. Abin da ke zuwa masa sai canjin fis, ko wanda yake so a cire masa tsohon rediyo zai sayar da mota. Maƙwabcinsa mai gyaran waya yakan turo masa ƙananan ayyukan da ido kawai suke buƙata, yana kuma yi masa alama da hannu in wayarsa na ringin a aljihu. A ƙarshen watan jiya mutumin da ya ba shi hayar rumfar ya zo da wani mutum, suka auna faɗinta da tsawonta da igiyar awo. Sun yi ta magana suna nuna bango, amma sun juya masa baya, bai ga bakinsu ba.